Igiyar Kaka Ba Ta Kai Ba

A garinmu ba a tambayar mutum shekarunsa, igiyarsa ake dubawa.

Garin ma dai, in an ce gari an yi masa kara. Tsohuwar masana'anta ce a cikin kwari, katanga ta zagaye ta, ƙofa ɗaya tak. Kakannin kakanninmu ne suka raba manyan ɗakunan ajiyarta da katako da kwano suka mai da su gidaje, shi ya sa in maƙwabci ya yi atishawa a ɗakinsa, daga kan gadonka za ka ce masa sannu. A bakin ƙofar gari akwai turaku a jere, kowa da nasa. Duk wanda zai fita, gona za shi ko itace, sai an ɗaura masa igiya a ƙugu, ɗaya bakin a turkensa, yaran Mai Ƙofa suna sakar masa ita a hankali. Inda igiyarka ta tsaya, nan kai ma za ka tsaya.

Ranar da aka haife ka ake yi maka naɗi ɗaya. Kowace shekara kuma, ranar ƙarin igiya, a haɗa maka wani. Naɗi shi ne mai tufka ya riƙe bakin igiya a tafin hannu, ya zagayo da ita ta gwiwar hannunsa ya dawo, har sau goma. Mai tufkan garin kuwa babana ne. Gajere ake ce masa, kuma ba sharri aka yi masa ba, don tun ina shekara goma sha biyu na fara hango tsakar kansa.

Ni kuma 'Yar Tambaya suke ce mini, kuma nawa sunan ma na ci shi. Abin da ya tsaya mini a rai tun ina ƙarama shi ne wannan: mu yara da ke iya gudu daga safe har yamma, igiyarmu ko gonar wake ba ta wucewa. Tsofaffi kuwa da igiyarsu sai ƙarti biyu sun ɗaga, suna kwance a ɗaki suna fama da baya, ɓeraye na cin igiyar a rumfar ajiya. Na tambayi malamarmu, ta ce in rufe mata baki. Na sake tambaya, ta kama hannuna ta kai ni gaban Mai Ƙofa.

Mai Ƙofa ba mai faɗa ba ne, abin haushin ke nan. Mutum ne mai sanyin murya, kullum da madubin hangen nesa rataye a wuya. Ya zaunar da ni a kan benci ya yi mini bayani kamar mai ba mara lafiya magani. Ya ce a zamanin da, wani hayaƙi ya rufe duniya, wanda ya shaƙa sai ya faɗi. Da igiya ake jawo waɗanda suka faɗi kafin su cika. Yara su ne ke fara faɗuwa, don haka tasu gajera ce, a jawo su da wuri.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ka taɓa ganin hayaƙin?"

"Ban taɓa ba."

"Babanka fa?"

"Shi ma bai gani ba. Kin ga amfanin igiya ke nan."

Na buɗe baki zan ƙara wata, ya ɗaga mini yatsa. Ya tuna mini da sauran dokar, wadda ko jariri ya sani: wanda ya kwance igiyarsa a waje ya mutu a wurinmu, ba a ƙara kiran sunansa. In kuwa aka sake hango shi, ko daga nesa ne, to gidansu kaf za a mai da su naɗi ɗaya kamar ranar aka haife su. Daga nan ya tura ni wankin rama a kududdufin bayan gari, wai ruwan sanyi yana rage surutu. Hannuna ya yi fari fat, surutun yana nan.

Mutum ɗaya ce a garin ba ta gajiya da tambayoyina, ita ce Kaka, uwar babana, don ita ma bakinta ba ya hutu. Igiyarta ta fi ta kowa tsawo. Shekara biyu ke nan ƙafafunta sun daina ɗaukarta, tana zaune a gado kusa da taga, tana zagin duk wanda ya wuce bai gaishe ta ba, wanda ya gaishe ta kuma ta ce ya tashe ta daga barci. Ni ke shafa mata man zafi kullum da rana.

Wata rana ina cikin shafawa, ana saura kwanaki kaɗan ranar ƙarin igiya, ta ce, "Ke uwar surutu, kin iya riƙe magana?"

"Ban iya ba."

"Na sani. Amma ba ni da wata. Leƙa tagar nan, me kike gani a kan tudu?"

Kowa ya san abin da ke kan tudu. Can ƙarshen kwarin, inda ƙasa ta haɗu da sama, akwai wani tsohon falwaya tsaye shi kaɗai, ba waya ko ɗaya a jikinsa. Ba wanda igiyarsa ta taɓa kaiwa can.

Ta ce, "Kina da baffa. Wan babanki."

Na saki ƙafarta. Ban taɓa jin haka ba.

"Dogo ne kamar ubansa, mai shegen tambaya kamar ke. Tun kafin a haife ki ya fita itace wata safiya, da yamma aka jawo igiyarsa ba kowa a ciki. Aka ce hayaƙi ne. Ni na san ba hayaƙi ba ne, don sai da ya sallame ni." Ta gyara zama tana cije baki. "Ya ce in zo mu tafi. Na ce ina zan kai ubanka da ƙaninka? Sai ya zauna ya yi lissafinsa. Ɗan mai tufka ne, ya san tsawon naɗi, ya kuma auna nisan tudun nan da ido. Ya faɗa mini shekarar da igiyata za ta kai falwayan. Ya ce daga wannan shekarar, duk ranar ƙarin igiya, yana nan bayan tudu, inda madubin Mai Ƙofa ba ya gani. Shi ba zai leƙo ba don kada a yanke mana igiya. Ni zan hau da tawa a ƙuguna, ban karya dokar kowa ba."

"To yaushe ce shekarar?"

"Ta wuce. Bana shekara huɗu ke nan."

Ta ce ta je. Da ƙafarta da sandarta ta je, mutane na dariya wai tsohuwa ta fita shan iska. Ta hau tudun har ta kusa, sai igiya ta riƙe ta. Ga falwaya tana gani, ko tsagewar jikinsa tana gani, amma da saura. Ta tsaya ta yi ta kira, shiru. Shekara ta zagayo aka ƙara mata naɗi ta koma, duk da haka da saura. Shekarar da ta biyo baya ƙafafu suka ce ba su san zancen ba.

"Sakarai ne," in ji ta, tana share ido da bakin mayafi. "Tun yana yaro bai iya ƙirga ba. Amma bana ina jin za ta kai. In ban je bana ba, ke ma kin san babu wata shekarar."

Na so in ce mata kada ta faɗi haka, amma ƙafar da ke hannuna ta fi sandar tsintsiya sirantaka, sai na ci gaba da shafawa.

Washegari aka fito da igiyoyin tsofaffi daga rumfar ajiya don a duba inda ɓera ya ci kafin ranar ƙari. Ta Kaka aka rataya a bangon ɗakin tufka, naɗi bayan naɗi, daga ƙofa har kusurwa. Ɗakin tufka dogo ne mai ƙamshin rama da man inji, ga keken murɗa igiya a tsakiya, ga ƙura tana yawo a hasken da ke shigowa ta ramukan kwano. Aikina shi ne in bi igiyar ina latsawa, in na ji wuri ya yi laushi in sa alama. Igiyar da ta daɗe a naɗe ba ta manta lanƙwasarta, kowane naɗi yana rataye da girman hannun da ya yi shi. Na bi na farko-farko, manya, har suna kusa da taɓa ƙasa. Ina tafe ina tafe, sai na ga sun tsuke. Daga wani wuri har ƙarshe, duk ƙanana ne.

Na ce, "Baba, me ya sa waɗannan suka fi waɗancan girma?"

Bai ɗago ba. "Na kakanki ne. Daga nan kuma nawa."

"To ai nasa sun fi tsawo."

"Hannunsa ya fi tsawo."

"Yaushe ka karɓi aikin?"

"Shekarar da ya rasu." Ya ci gaba da juya keken. "Shekarar da muka yi rashi biyu."

Na tsaya ina kallon bangon. Baffa ya iya ƙirga sarai. Da hannun ubansa ya yi lissafi, ubansa kuma bai ƙara shekara ba bayan tafiyarsa. Na faɗa muku ban iya riƙe magana ba. A nan tsaye na zazzage wa Baba duk abin da Kaka ta gaya mini.

Ya tsayar da keken. Ya zo gaban bangon ya ɗauki naɗi ɗaya na ubansa, ya zura hannunsa a ciki, ya riƙe sama da tafinsa. Ƙasan naɗin yana lilo a ƙarƙashin gwiwar hannunsa, da tazarar da yaro zai zura dunƙulen hannu. Ya daɗe a haka. Ban taɓa ganin babana yana kuka ba, ranar ma bai yi ba, amma da ya yi da ya fi mini sauƙin kallo.

Ya ce, "Shekara da shekaru ina rage wa uwata hanya, ina murna na iya aiki."

Ya wanke hannu ya tafi wurin Mai Ƙofa, ni ina biye. Ba zai iya faɗin dalili ba, sai ya ce ya gano awon garin ya ragu tun da ya karɓi tufka, yana roƙon a bari ya cika wa kowa abin da ya tauye, a fara da tsofaffi.

Mai Ƙofa ya ce, "Wani ya kawo ƙara?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Doka ta ce hannun mai tufka. Wane ne mai tufka?"

"Ni ne."

"To hannunka shi ne daidai. In na yarda yau cewa igiya ta yi kuskure, gobe 'yarka za ta zo ta ce turke ma ya yi." Ya dube ni ya yi murmushi. "Ko ba haka ba?"

Abin da wannan zuwan ya jawo mana kawai shi ne, ranar ƙarin igiya Mai Ƙofa ya zo ya tsaya a kan Baba yana kallon kowane zagaye, ko sassauta hannu bai samu ya yi ba. Kaka ta samu naɗinta, ƙarami kamar na bara.

Ba mu gaya mata zancen hannun ba. Baba ya ce shi zai faɗa da bakinsa, amma ba ranar ba. Ya aro baro a wurin masu gini, muka shimfiɗa bargo da matashi, muka ɗora ta. Ta sa na gyara mata ɗankwali ya fi a ƙirga, wai na ɗaura mata kamar mai zuwa roƙo. A bakin ƙofa aka ɗaura mana igiyoyinmu, mu uku, mutane sun taru suna kallo. Wata mata ta ce, "Kaka, ina zuwa haka?" Ta ce, "Neman miji, ko za ki ba ni naki?"

Ni na fara turawa. Muka ratsa gonar wake, muka tsallake tsohon layin dogo da ciyawa ta cinye, ƙafar baro na kuka, igiyoyi uku na jan ƙasa a bayanmu. Kaka ba ta bar ni na huta ba: na cika sauri, na cika nawa, na sa ta a rami da gangan. Daidai gawar wata tsohuwar mota da ta nutse a ƙasa, na ji an fizge ni ta ƙugu. Tawa ta ƙare.

Baba ya karɓi baron. Na hau kan motar ina kallonsu suna ƙanƙancewa, har suka kai busasshen rafin da ke gindin tudu. Can na ga Baba ya tsaya cak. Ya miƙa hannuwa ya tura baron iya inda yatsunsa suka kai, ya ƙara da ƙafa. Shi ke nan. Daga nan sai hawa, igiyar Kaka na da sauran tsawo, amma duk garin babu mai ƙafa da igiyarsa ta kai wurin.

Mun san da haka tun a gida. Kaka ta ce in an kai ta gindin tudu za ta rarrafa. Na ga ta kama gefen baro ta zuro ƙafa, na ga ta zube a ƙasa. Ta ɗago ta ja jiki kaɗan, ta sake zubewa. Baba yana miƙa hannu, igiya ta riƙe shi, tsakaninsa da uwarsa bai fi tsawon tabarma ba.

Ban yi wani dogon tunani ba, kada in yi muku ƙarya. Ƙullin da ke ƙuguna na Baba ne, tun ina rarrafe nake ganin yadda ake yinsa. Na ja bakin, ya warware. Na diro daga kan motar, na cika ƙirjina da iska na toshe hanci, don duk tambayoyina, a ƙasan raina na yarda da hayaƙin nan. Na ruga har idona ya fara ganin duhu, na kasa, na buɗe baki na shaƙa. Ƙamshin ciyawa ne kawai da kashin awaki.

A bayana ƙararrawar ƙofa ta fara kaɗawa. Na san abin da take nufi, kuma sun cika alkawari, daga baya sun mai da gidanmu naɗi ɗaya. Wannan bai taɓa hana ni barci ba.

Da na iso rafin, Baba ya miƙo hannu kamar zai cafke ni, sai ya janye. Ya dubi ƙuguna, ya dubi gari, ya ce, "Ki tura da cinya, ba da hannu ba. Hawa ne."

Na ɗaga Kaka na mai da ta cikin baro, ba ta fi buhun ƙaiƙayi nauyi ba. Ta dube ni sama da ƙasa. "Ina igiyarki?"

"Tana hutawa."

"Mara kunya." Ta riƙe gefen baron da kyau. "To tura mana, me kike jira?"

Abin dariya, yaran ƙofa ba su daina sakar wa Kaka igiya ba. Ita ba ta karya doka ba, Mai Ƙofa kuwa ba ya tauye wa mai gaskiya haƙƙinsa. Baba ya kama igiyar daga inda yake yana jawo mana ita don nauyinta kada ya mai da mu baya. Na tura, na zame, gwiwata ta fashe, na sake turawa. Kaka ta daina zagi, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Falwaya yana ta girma a gabanmu, har na fara ganin ramukan da tsuntsaye suka yi a jikinsa. Sai baron ya tsaya, Kaka ta yi baya kamar an ja ta. Igiya ta miƙe tsam.

Da saura. Ba yawa, amma da saura.

Ta dubi falwayan, ta dubi igiyar. Muryarta ta yi ƙasa. "Je ki leƙa mini. In yana nan, ki ce masa na zo."

Na sa dutse a ƙarƙashin ƙafar baro na haura. Abin da na gani a bayan tudun, har yau in na rufe ido ina ganinsa. Ƙasa ce shimfiɗe har iyakar gani, ga gonaki, ga hanya da mota tana tafiya a kanta da gaske, ga rufin gidaje, ga wasu yara can suna bin ƙwallo, ba komai a ƙugunsu. Hayaƙin da na gani ɗaya ne, na wata mai girki.

Kusa da ni, ƙasa kaɗan da falwayan, akwai 'yar rumfa da benci. Wata mata mai furfura a goshi tana shara a gefen wani tulin ƙasa da aka zagaye da duwatsu. Ta ɗago ta gan ni, ta dubi sawun igiya a rigata, tsintsiyar ta faɗi daga hannunta.

"Daga kwari kike?"

Na gyaɗa kai.

"Wannan goshin nasa ne. Ke 'yar ƙaninsa ce?"

"Ina Baffa? Kaka ta zo. Tana nan ƙasa."

Ta dafe ƙirji. "Tana da rai?"

Idonta ya je kan tulin ƙasar, nawa ya bi shi. Ta ce ita matarsa ce. Da damina ya kwanta, bai tashi ba. Shi ya ce a kawo shi nan a sa shi. Ta zo yau ne don ranarsa ce, ta saba rako shi.

Na juya na gangara. Ina tafe ina neman yadda zan faɗa, ni da ba a taɓa rasa magana a bakina ba. Ban sha wahala ba, Kaka ta karanta a fuskata tun daga nesa. Ba ta yi kuka ba. Ta sa yatsu a ƙullin ƙugunta tana ja, yatsun sun ƙi lanƙwasuwa.

Ta ce, "Kwance mini."

Na ja bakin, ya warware, igiyar ta zame ta faɗi a ciyawa. Kaka ta bi ta da kallo.

"Shi ke nan? Haka kawai?"

"Haka kawai, Kaka."

Matar Baffa ta gangaro, ta durƙusa ta ce, "Inna, sannu da zuwa." Muka kama ta mu biyu muka haura da ita, muka zaunar da ita a gefen duwatsun. Ta daɗe tana kallon ƙasar. Ta tambayi ko ya sha wuya, aka ce a'a. Ta tambayi ko ya bar 'ya'ya, aka ce uku. Sai ta ce, "Da ma yana zuwa? Na zo shekara biyu a jere, na kira har muryata ta dushe."

Matar ta sunkuyar da kai. "Yana nan, Inna. Duk biyun yana nan."

Ta nuna mana wani wuri a gindin falwayan, bayan wani dutse, inda ciyawa ta kwanta. Ta ce a nan yake kwanciya rub da ciki yana leƙen kwari ta gefen dutsen. Ya ga tahowarta tun daga rafi, ya ga inda igiya ta tsayar da ita. Ya yunƙura zai miƙe, sai ya hango hasken madubin Mai Ƙofa a kan katanga, ya koma ya kwanta. Yana ta cewa a hankali, kwance mana, Inna, kwance ki ƙaraso. Ita kuma tana can tsaye tana jira ya leƙo.

Kaka ta ce a kai ta wurin. Muka kwantar da ita yadda yake kwanciya. Ta leƙa, matar ta nuna mata inda ta tsaya a shekarar farko, da inda ta tsaya a ta biyu. Kusa ne ƙwarai, ko tari mutum ya yi a can za a ji.

Kaka ta ce, "Yana jina ke nan."

Matar ta kau da kai.

"Ke nake tambaya. Ya ji abin da na faɗa?"

"Ya ji, Inna. Shekarar farko da kika ce masa sakarai wanda bai iya ƙirga ba, dariya ya yi ta yi yana hawaye. Ya ce bakin Inna na nan, lafiyarta ƙalau."

"Ta biyun fa?"

"Inna, a bar zancen."

"Na san abin da na ce. Na ce in ba zai fito ba, ya ɗauka ba shi da uwa, ni ma ba zan ƙara tako tudun nan ba." Ta damƙi ciyawa. "Haushi ne. Na ɗauka iska nake wa magana."

"Na gaya masa haka. Na ce faɗan uwa ne."

"Da shekara ta zagayo bai gan ni ba fa?"

Matar ta share fuska da bayan hannu. "Ya kwanta a nan tun safe har rana ta faɗi. Bara ma haka. Ni na ce masa wataƙila kin rasu ne, don in sama masa sauƙi. Ya ce a'a, ya san uwarsa, in ta faɗi magana ta faɗa."

Na so matar nan ta yi ƙarya. Har yau ina jin haushinta kaɗan, ko da yake na san Kaka ba ta bar mata hanya ba.

Kaka ta ture hannuna. Ta juya da kanta, ta ja jiki da gwiwar hannu a cikin ciyawa, ɗankwalin ya zame bai dame ta ba, har ta kai kan tulin ƙasar. Ta kwantar da kuncinta a kai, ta sa baki kusa da ƙasa kamar mai yi wa yaro raɗa a kunne.

"Ƙafafuna ne," in ji ta. "Kana ji? Ba fushi ba ne. Ƙafafuna ne suka hana ni."

Ta jira kaɗan, ta sake faɗa da ƙarfi.